Lambun Gida a Lokacin Bazara: Shuka, Dashen Lemo da Sarrafa Amfanin a Madafi

Da zarar hunturu ya janye a ƙarshen watan Fabrairu, iskar da take busar da leɓe ta kwanta, sai zafi ya fara hawa sannu a hankali har a shiga Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi a Kano da Katsina da Maraɗi yakan haura digiri 40 da rana, a Sakkwato ma ya fi haka. A wannan tsakani ne yawancin masu ƙaramin lambu a cikin gida suke sallamawa, domin latas ɗin da ya yi kyau a Janairu ya miƙe ya yi ɗaci, kabeji ya ƙi naɗewa, tumatir kuma yana fure yana zubarwa. Sai a ce ƙasa ta gaji ko iri ba shi da kyau, alhali abin da ya faru shi ne lokacin waɗannan tsirrai ya wuce. Wani abin da yake ƙara rikita mutane shi ne bayanan aikin lambu da ake karantawa a intanet, waɗanda aka rubuta don Turai da Amurka, inda watan Maris da Afrilu suke zama ƙarshen sanyi da farkon shuka kusan komai. A wurinmu lissafin juye yake, domin latas da karas da kabeji da tumatir amfanin hunturu ne, ita kuwa bazara tana da nata tsirran da nata aikin.

Aikin farko shi ne a kwashe abin da ya rage na hunturu ba tare da jinkiri ba. Tumatir ba ya ƙulla 'ya'ya yadda ya kamata idan zafin rana ya wuce kimanin digiri 35 kuma dare bai yi sanyi ba, sannan a zafi ne tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon take yaɗuwa, wadda ta yi mummunar ɓarna a gonakin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016. Saboda haka ban ruwa ga tsohon tumatir a watan Afrilu asarar ruwa ce. A tsinke abin da ya nuna, a tuge karan, idan akwai alamar tsutsa a ganye a ƙone shi maimakon a jefa shi cikin taki. Wanda yake son ya ci tumatir a watan Yuni, lokacin da kwando yake tsada a 'Yankaba, dabararsa ita ce ya sayi na Kadawa ko na Kura tun yana araha a Fabrairu da Maris, ya yanka shi biyu ko huɗu, ya shanya a kan tabarma mai tsabta da aka ɗora a bisa wani abu, ya yi kauɗarsa. Ba a shanya kauɗa a ƙasa ko a gefen titi, domin yashin da ta ɗauka ba ya fita duk wankin da za a yi mata.

Fangali da ruwa

A damina ana tayar da kunya don kada ruwa ya kwanta a gindin shuka, amma a bazara akasin haka ake so, wato fangali mai zurfi wanda zai riƙe ruwa a inda saiwa take. Faɗin mita 1 da tsawon mita 2 ko 3 ya wadatar, ta yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ciki ba, a kuma sa tsakiyar ta yi ƙasa da gefen da kimanin santimita 10 zuwa 15. A sassabe ƙasar da fartanya har zurfin taƙi guda ko fiye, a zuba ruɓaɓɓen taki kwanon sarki ɗaya ko biyu a kowane fangali, a cakuɗa, a jiƙa, a bar shi ya kwana biyu ko uku kafin a shuka. Kashin awaki da na tumaki da na shanu duk suna yi, matuƙar sun ruɓe. Kashin kaji ya fi su ƙarfi, kuma ɗanyensa yana ƙone saiwa, musamman a wannan zafi, don haka sai an tara shi an riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa na mako 6 zuwa 8, har warinsa ya mutu ya koma kamar baƙar ƙasa.

Ban ruwa da sassafe ake yi, bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, idan kuma ƙasar jigawa ce mai yashi a ƙara da yamma bayan la'asar. Ya fi amfani a zuba ruwa mai yawa ya nutse sosai, da a riƙa yayyafa kaɗan-kaɗan sau da yawa, domin yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama inda rana take gasa ƙasa. Hanyar gane ko ruwa ya isa ita ce a cusa yatsa a ƙasa, idan an ji laima har ƙarshen yatsa to a dakata. Abin da ya fi komai rage yawan ruwan da ake buƙata shi ne rufe fangali da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa, kaurin yatsu uku, bayan tsirrai sun fito sun yi ganye huɗu. Sai dai a riƙa ɗaga rufin lokaci-lokaci ana dubawa, saboda gara ma tana son irin wannan wuri. A gidan da ake sayen ruwa a wurin mai kura, ruwan alwala da na wanke shinkafa da ganye duk na lambu ne, kuma ajiye bokiti a wurin alwala kaɗai yana tara abin da zai shayar da fangali guda. Ruwan wanki mai garin sabulu shi ne bai kamata ya shiga ba, domin gishirin da yake ciki yana taruwa a ƙasa.

Akwai kuma dabarar binne tulu, wadda ban ga abin da ya fi ta sauƙi ba ga mai ƙarancin ruwa. A samo tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, irin wanda yake tsattsafo, a binne shi har wuya a tsakiyar fangali, a cika shi da ruwa, a rufe bakin don kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Ruwan zai riƙa fita ta jikin tulun gwargwadon bushewar ƙasar da take kewaye da shi, saiwoyi kuma su nufo shi da kansu, sai a riƙa cika shi bayan kwana biyu ko uku. Game da inuwa kuwa, ranar yamma ce take kisa, don haka idan da zaɓi a yi fangali a gabas da katanga ko ɗaki, inda zai sami hasken safe ya tsira daga zafin azahar zuwa la'asar. Idan babu, rumfar zana mai shara-shara da aka ɗaga kamar tsayin ƙirji tana wadatarwa. Kada a manta da shinge, domin a bazara babu ɗanyen ganye a gari, akuyar maƙwabta kuma tana iya gamawa da aikin wata guda kafin a idar da sallar azahar.

Abin da yake jure zafi

Alayyahu shi ne ya fi saurin biyan mai lambu, domin daga shuka zuwa yankan farko mako 3 zuwa 4 ne. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, saboda haka a gauraya cokali ɗaya na iri da kamar cokali goma na busasshen yashi kafin a yayyafa, don kada ya taru a wuri ɗaya, sannan a rufe da ƙasa 'yar kaɗan. Idan ya kai tsayin taƙi a yanka shi sama da ganye biyu ko uku na ƙasa maimakon a tuge, zai sake toho a yanka sau biyu ko uku kafin ya yi fure. Wanda ya raba shukarsa, ya shuka rabin fangali yau, rabi bayan mako biyu, ba zai rasa ganyen miya ba har damina ta sauka. Rama da yakuwa ma haka suke son zafi, kuma sun fi alayyahu haƙurin ƙishirwa. Lalo yana da taurin iri, wanda yake sa mutane su zaci ya lalace, amma idan aka ƙulle irin a ƙyalle aka tsoma a ruwan zafi na kamar sakan 10, aka fitar aka shanya ya sha iska, zai fito gaba ɗaya.

Kuɓewa ana jiƙa irinta ta kwana, a shuka ƙwaya biyu ko uku a kowane rami mai zurfin gaɓar yatsa, a bar tazarar santimita 30 zuwa 40, idan sun fito a cire raunanan a bar ɗaya. Tana fara 'ya'ya cikin kimanin wata biyu, kuma sharaɗinta shi ne a riƙa tsinka bayan kwana biyu ko uku tun tana ɗanya shakaf, domin idan aka bar wasu suka ƙosa a jiki sai uwar ta rage haihuwa. Zogale kuwa, idan don ganye ake so, ba sai an bar shi ya zama bishiya ba. A shuka irin kusa da kusa, tazarar taƙi guda, idan ya kai tsayin ƙugu a yanke shi daidai gwiwa, zai yi rassa ya riƙa ba da ganye mai laushi wanda hannu yake kaiwa. Wanda ba shi da fili sai siminti yana iya yin duk waɗannan a buhun shinkafa da aka cika da ƙasa da taki aka huda gindinsa, kuma farin buhu ya fi baƙar leda, domin baƙar tana ɗaukar zafi har ta dafa saiwa.

Ƙwari ba su da yawa a bazara kamar a damina, amma ƙananan ƙwarin da suke manne wa bayan ganyen kuɓewa suna naɗe shi sukan bayyana. Maganinsu yana bakin ƙofa. A daka busassun 'ya'yan darbejiya kamar tafin hannu biyu, wato wajen giram 50, a jiƙa a lita 1 na ruwa ya kwana, a tace, a fesa da yamma ta ƙarƙashin ganye, a maimaita bayan mako guda. Ganyen da aka fesa wa a bar shi kwana biyu ko uku kafin a ci, a kuma wanke shi sosai saboda ɗaci.

Dashen lemo

Mafi yawan lemun zaƙin da ake sauke wa a kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano daga Binuwai yake zuwa, inda ruwan sama ya fi yawa, wannan ya sa wasu suke ganin lemo ba ya yi a ƙasar Hausa. Gaskiyar ita ce lemun zaƙi da tanjarin da garehul suna yi idan akwai ban ruwa na dindindin a rani, shi kuwa lemun tsami ya fi su duka jure zafinmu, kuma shi zan ba mai farawa shawara ya dasa, domin bishiya guda tana isar gida har a ba maƙwabta. Bazara lokacin shiri ce, dashen kansa sai damina ta zauna. Ruwan farko na watan Mayu yakan yaudari mutane su dasa, sai ya ɗauke mako biyu ko uku, dashen ya ƙone. A jira ruwan shuka na sosai, wanda a Kano da Zariya yakan zaunu a cikin Yuni, a arewa da nan kuma yakan kai farkon Yuli.

Tun a Afrilu ko Mayu a haƙa rami mai faɗin santimita 60 da zurfin santimita 60, a ware ƙasar sama gefe ɗaya, ta ƙasa gefe ɗaya. A gauraya ƙasar saman da ruɓaɓɓen taki kwanon sarki biyu, a mayar cikin ramin, a jiƙa, a bar shi ya zauna. A nisanta ramin daga katanga da masai da kimanin mita 3, idan kuma fiye da ɗaya za a dasa a bar mita 4 zuwa 5 tsakanin lemun tsami, mita 6 zuwa 7 tsakanin lemun zaƙi. Wurin da ruwa yake kwanciya bayan an yi ruwan sama bai dace ba sam, domin saiwar lemo tana ruɓewa a cikin taɓo. A gwada ramin ta hanyar cika shi da ruwa da yamma, idan aka wayi gari ruwan yana nan to a sauya wuri.

Wajen sayen dashe, na lemun zaƙi lalle ya zama mai aure, wato wanda aka haɗa reshen lemon da ake so a kan gindin wani lemo, domin mai aure yana fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, wanda aka shuka daga ƙwallo kuwa yana iya kai shekara 7 ko fiye, ga ƙaya mai yawa. Ana gane mai aure da ɗan gwiwa ko tabo a jikin karan, kamar taƙi guda daga ƙasa. Lemun tsami ƙarami yana da sauƙi, domin ko daga ƙwallo aka shuka shi yawanci yana gado uwarsa, amma sai an shuka ƙwallon yana ɗanye, da zarar an fitar da shi an wanke, tun da busasshe ba ya fitowa da kyau. Ranar dashe a yanke ledar a hankali ba tare da ƙasar ta wargaje ba, a zaunar da dashen daidai zurfin da yake a cikin ledar, kuma wurin auren ya kasance a sarari sama da ƙasa. Binne wannan gaɓa shi ne kuskuren da ya fi kashe lemo, domin laima a jikin kara tana jawo ciwon da yake sa ɓawo ya tsage yana fitar da ƙaro har bishiyar ta bushe. Saboda wannan dalili ne ma ake yin kewaye biyu na ƙasa, ƙarami a kusa da gindi, babba a waje, a riƙa zuba ruwa a tsakaninsu don kada ya taɓa karan. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren a cire shi tun yana ƙarami, domin na gindin ne, idan aka bar shi zai rinjayi na saman.

Ga wanda yake da ƙaramin lemo tun bara, bazara ce jarrabawarsa. Yana buƙatar bokiti guda, kamar lita 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a mako, da rufin ciyawa a kewaye wanda bai taɓa karan ba. Tsutsar da take cin ganyensa tana kama da kashin tsuntsu tun tana ƙarama, daga baya ta koma kore, kuma tsince ta da hannu ya isa. Idan sabon ganye ya yi rawaya amma jijiyoyinsa suna kore, sau da yawa alama ce ta ƙasa mai yawan kanwa, saboda haka a daina zuba toka a gindin, a ƙara ruɓaɓɓen taki. Babbar bishiya kuwa tana yin fure ne idan ta sha ƙishirwa sannan ta sami ruwa, shi ya sa masu lambu sukan janye ban ruwa na wasu makonni har ganye ya fara lanƙwasa, sannan su shayar da ita sosai. Lemun tsami yana ɗaukar wata 5 zuwa 6 daga fure zuwa tsinka. Wani abin lura shi ne lemun zaƙi a ƙasashe masu zafi yakan nuna ɓawonsa yana kore, domin sanyin dare ne yake sauya launin, kuma lemo ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi kamar yadda mangwaro yake yi, don haka a ɗanɗana ɗaya kafin a tsinke saura.

A madafi

Ƙa'idar da ta fi muhimmanci game da lemun tsami a girki ita ce a sa shi a ƙarshe, bayan an sauke tukunya. Wuta tana kashe ƙamshinsa, tana rage bitamin C da yake ɗauke da shi, tsaminsa kuma yana dusar da koren ganye idan suka daɗe tare a kan wuta. Wannan bitamin yana taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfe da yake cikin ganyaye irin su zogale da alayyahu, saboda haka matsa lemo a kan kwaɗo ya wuce gyaran ɗanɗano. Kanwa kuwa, duk da tana sa ganye ya yi laushi da wuri, tana lalata bitamin ɗin, kuma ɗanyen ganyen lambu da aka yanko yanzu ba ya buƙatarta. Kafin a yanka lemo a murza shi a kan faranti da tafin hannu don ya saki ruwa, a tace ƙwallayen domin suna da ɗaci, kuma kada a ajiye ruwansa a kwanon dalma ko na ƙarfe, a yi amfani da tangaran ko gilashi ko roba. Wanda ya matse lemo mai yawa ya wanke hannunsa kafin ya fita rana, domin ruwan ɓawon yana iya ƙona fata ya bar baƙin tabo idan rana ta same shi.

Kwaɗon zogale shi ne wurin da amfanin lambu da lemo suka fi haɗuwa. A zage ganyen daga tsinkayensa, a wanke, a zuba a tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri. Ganye mai laushi na zogalen da ake yanka a kai a kai yana dahuwa cikin minti 10 zuwa 15, na tsohuwar bishiya ya fi haka daɗewa. A tsane shi a matsami, a matse ruwan da hannu idan ya huce, a warware shi a cikin kwano. Ga ganye cikin kwano madaidaici, a daka ƙuli-ƙuli kamar kofi ɗaya tare da barkono da gishiri da ɗanɗano, a yanka albasa ɗaya da tumatir biyu da attaruhu gwargwadon yadda ake son yaji, a zuba man gyaɗa cokali biyu ko uku, a cakuɗa, sannan a matsa lemun tsami ɗaya ko biyu daidai lokacin da za a ci. Jar albasa irin ta Galmi ko ta Aliero tana da kaifi, kuma idan aka yanka ta aka jiƙa a cikin ruwan lemon na minti 10 kafin a haɗa, kaifin yana raguwa. Kwaɗon rama dabam ne, domin rama da tsaminta take zuwa, har ma akan zubar da ruwan dahuwar farko don a rage shi, saboda haka ƙara mata lemo ɓata ta ne. Haka kuma faten tsaki ko miyar taushe da aka sa wa yakuwa ba sa buƙatarsa, amma idan alayyahu kaɗai aka samu, rabin lemo a cikin kwanon fate yana maye gurbin yakuwar.

Kifi, musamman tarwaɗa, ana wanke shi da lemun tsami da gishiri don santsi da ƙarni su fita. Idan za a gasa ƙarfasa, a tsaga jikinta, a shafa dakakkiyar citta da tafarnuwa da attaruhu da gishiri da ruwan lemo da ɗan mai, a bar ta kamar minti 20 zuwa 30 kawai, domin idan ta daɗe tsamin yana sauya naman ya yi fari ya riƙa farfashewa a kan wuta. A kunun gyaɗa ma lokaci ne abin kiyayewa. Bayan an markaɗa gyaɗar an tace an tafasa, an dama da gasara ko dafaffiyar shinkafa ya yi kauri, sai a sauke, a bar tururin ya ragu, sannan a riƙa ɗiga lemon ana juyawa ana ɗanɗanawa. Idan aka zuba shi yana kan wuta, madarar gyaɗar tana iya tsinkewa. Wannan tsinkewar kuwa ita ake nema a awara, inda lemun tsami yake iya maye gurbin ruwan tsami ko tsamiya. Ga kowace lita ta madarar waken suya da ta tafasa aka rage mata wuta, cokali 2 zuwa 3 na ruwan lemo da aka sirka da ɗan ruwa ya isa, a zuba a hankali ba tare da yawan juyawa ba, har awarar ta taso ruwan ya koma garai-garai.

Zoɓo yana nuna aikin tsami a fili, domin da an matsa masa lemo launinsa yake komawa ja mai haske, idan kuma kanwa aka sa sai ya yi duhu. A dafa zoɓon da citta da kanumfari, a tace, a bar shi ya huce sarai, sannan a zuba ruwan lemun zaƙi uku ko huɗu a kowace lita 2, wanda zai rage yawan sukarin da za a sa. Ruwan lemun zaƙi da aka matse a sha shi a ranar, domin idan ya daɗe a ajiye yana yin ɗaci ko da bai lalace ba. Ɓawon ma yana da amfani, idan aka kankare koren ko rawayan saman kaɗai ba tare da farin da yake ƙarƙashinsa ba, a jefa a shayi ko a kwaɓin cincin.

Lemun tsami yakan yi tsada ya kuma ƙanƙance a tsakiyar bazara, daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, don haka a yi tanadi tun ƙarshen hunturu. Mai firji da wuta tsayayya zai iya matse ruwan ya daskarar da shi a ƙananan mazubai. Wanda ba shi da wannan yana da hanya biyu. Ta farko irin ta mutanen Maroko ce, wato a wanke lemon, a tsaga shi huɗu ba tare da an raba ba, a cusa gishiri a ciki, a danna a cikin kwalba mai tsabta, a ƙara ruwan lemo har ya rufe su, a toshe a ajiye a inuwa kamar wata guda, bayan haka ɓawon ya yi laushi ana yanka shi a miya ko a dafa-duka, sai dai a rage gishirin girkin. Ta biyu ita ce busasshen lemon da alhazai suke gani a kasuwannin Makka da Madina, wanda mutanen Oman da Iraƙi suke yawan girki da shi. A tafasa ƙananan lemun tsami a ruwan gishiri na minti 3 zuwa 5, a tsane, a shanya a rana ana juyawa kullum ana shigar da su da dare, har su yi ruwan ƙasa ko baƙi, su yi sakayau, a ji ƙwallayen suna kaɗawa a ciki idan an girgiza. A ranar Maris da Afrilu wannan yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu. Shi wannan busasshen, saɓanin ɗanyen, tun farkon girki ake sa shi: a huda shi da bakin wuƙa wuri biyu, a jefa ɗaya ko biyu a farfesun kaza ko na kayan ciki ko a shinkafa, a tsame shi kafin a zuba abinci.